Iya Girki, Iya Wuta

A auna wa mata biyu gari daga buhu ɗaya, a ba su tukwane iri ɗaya, su ɗebi ruwa a randa ɗaya, su zari itace a dami ɗaya. Ɗaya za ta sauke tuwo mai laushi da sulɓi, irin wanda yake kwana a yi ɗumame ana santi. Ɗayar kuwa ta sauke mai gudaji, sama bai nuna ba, ƙasa ya kama. Tambayi kowace tsohuwa inda aka rabu, za ta ce maka a wuta ne. Wadda ta iya girki ta san lokacin iza wuta, ta san lokacin zare itace, ta san lokacin da ake barin garwashi kaɗai ya ƙarasa aiki. Idonta yana kan tukunya, kunnenta yana sauraron tafasa, hancinta kuma yana tsinkayar ƙauri tun kafin kowa a gidan ya ji.

Wurin aiki ma haka yake. Mutum biyu za su fito makaranta ɗaya da takarda iri ɗaya, a ɗauke su aiki rana ɗaya, a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Bayan shekara goma, ɗaya yana nan da fara'arsa, abokan aiki suna son zama kusa da shi, in ya koma gida iyali su yi murna da dawowarsa. Ɗayan kuwa barci ya ƙaurace masa, ciwon kai ba ya barinsa, likita ya fara yi masa maganar hawan jini, yara in sun ji ƙarar mashin ɗinsa kowa sai ya kama kansa. Ba kullum ilimi ko ƙwazo yake raba su ba. Sau da yawa abin da ya raba su shi ne yadda kowannensu yake tafiyar da wutar da ke ƙirjinsa.

Domin zuciya wuta ce. Fushi da tsoro, kishi da kunya, takaici da ɗoki da farin ciki, duk harsunanta ne. Kuma babu aikin da yake dahuwa ba tare da ita ba. Malamin da ba ya jin zafin faɗuwar ɗalibansa ba zai raba dare yana shirya darasi ba. Nas ɗin da tausayi ya mutu a zuciyarta, allura kawai take yi, jinya ta daɗe da barin hannunta. Wanda ya ce wa ma'aikaci ya ajiye zuciyarsa a gida ya zo ofis da ƙwaƙwalwa kaɗai, tamkar ya ce a ɗora sanwa a kan toka ne. Abin da ake bukata shi ne a iya wutar.

A shekarar 1990 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu na Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka fitar da maƙalar da ta kafa fannin basirar zuciya. Suka nuna akwai wata basira dabam da wadda jarrabawa take aunawa: iya lura da motsin ranka da na waɗanda ke kewaye da kai, da bambance wannan motsi da wancan, da amfani da abin da ka gane wajen daidaita tunaninka da aikinka. A 1995 Daniel Goleman, wanda yake rubuta labaran kimiyya a jaridar New York Times, ya fitar da littafin da ya kai maganar kunnen duniya, kamfanoni suka rungume ta hannu bibbiyu. An zuzuta ta ƙwarai, wasu har suka wuce gona da iri. Da ƙura ta lafa, abin da binciken shekaru ya bari a ƙasa shi ne cewa ma'aikata masu wannan basira ta zuciya sun fi jin daɗin aikinsu, gajiyar rai ta fi wuyar kama su, ba su kuma cika tunanin ajiye aiki ba. Sannan aba ce da ake koya, kamar yadda babu yarinyar da aka haifa da muciya a hannu.

Murhun gargajiya a kan duwatsu uku yake, in ɗaya ya goce tukunya ta kife. Basirar zuciya ma a kan uku take zaune: ka san wutarka, ka iya sarrafa ta, ka lura da ta na kusa da kai.

Dutse na farko: sanin wutarka

Mai girki ba ta ɗaukar duk wuta ɗaya. Wutar kara takan tashi fuu, ta yi ruri, nan da nan ta mutu. Itacen ƙirya yana da nawar kamawa, amma in ya kama sai ya kwana yana ci. Gawayi ba shi da harshe, zafinsa ne ke aiki a ɓoye. Wadda ta yi musu kulawa iri ɗaya ta ɓata girkinta.

Ɗauki misalin akawun da shugabansa ya jefo wa fayil a gaban jama'a, ya ce masa aikin banza ya yi. In ka tambaye shi, zai ce maka ransa ne ya ɓaci. To amma me yake ci a ciki? Wataƙila kunya ce, domin ƙananan ma'aikatan da yake koya wa aiki suna tsaye. Wataƙila tsoro ne, domin ana raɗe-raɗin rage ma'aikata, ga kuɗin haya ya zo. Wataƙila takaici ne, domin kwana ya yi a kan fayil ɗin. Wataƙila kuma tun safe bai karya ba, jiya ma bai runtsa ba, sai ƙaramar magana ta zame masa babba. Kowace da maganinta. Ta kunya tana son a keɓe da shugaban a yi magana. Ta tsoro tana son a nemi gaskiyar inda aka tsaya. Ta yunwa da gajiya kwanon abinci da barci take so. Wanda bai tsaya ya tantance ba, sai ya kwashe duka ya juye a kan masinja, ko ya kai wa matarsa da ba ta san hawa ba balle sauka.

Jiki ba ya bambance tsawar shugaba da barazanar ɗan fashi. Akwai wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa gadin haɗari. Da ya hango barazana sai jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarce, jijiyoyi su ɗaure. Shiri ne na gudu ko faɗa, kuma rahama ne a inda akwai abin gudu. Amma ma'aikacin da yake shiga wannan hali sau da yawa kullum, alhali yana zaune a kujera ba gudu ba faɗa, jikinsa ne yake biyan bashin.

A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Los Anjalis suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu fuskokin masu fushi da masu tsoro. Duk sa'ad da mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da abin da yake gani a fuskar, sai motsin amigdala ya ragu, sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna al'amura ya ƙara aiki. Ashe ka tsaya ka ce wa kanka, «Wannan tsoro ne nake ji,» shi kansa rage wuta ne. Kowa kuma yana da irin ƙarar tafasarsa. Wani hannunsa ne ke fara rawa, wani muryarsa ce ke hawa, wani haƙora yake cijewa, wani shiru yake yi mai nauyi. Wanda ya san tasa ya sami 'yan daƙiƙun da zai ceci tukunyarsa.

Dutse na biyu: zare itace

Tukunya ta fara bori, murfi yana rawa. Sabuwar shiga girki takan sa hannu ta danne murfin, sai ruwan ya fito ta gefe ya ƙona ta. Wata takan firgita ta sheƙa wa wutar ruwa, hayaƙi ya turnuƙe, girki ya tsaya cak. Gwana kuwa sai ta zare itace ɗaya ko biyu, ta ɗan karkata murfin, tafasa ta koma daidai, girki ya ci gaba.

James Gross na jami'ar Stanford ya shafe shekaru yana gwada hanyoyin nan a kan mutane. Yakan nuna musu fim mai tayar da hankali. Wasu ya ce su ɓoye abin da suke ji kada ya fito a fuska, wasu ya ce su sauya yadda suke kallon abin tun daga farko. Masu ɓoyewa fuskarsu ta yi lumui, amma abin da suke ji a rai bai ragu ba, jikinsu ma ƙara tashi ya yi. Masu sauya kallo su ne abin ya yi wa sauƙi a rai. A wani binciken na 2003 da Emily Butler ta jagoranta, an zaunar da mata biyu-biyu suna tattauna fim mai ɗaga hankali, aka ce wa ɗaya ta ɓoye abin da take ji. Sai jinin abokiyar hirarta ya hau, alhali ita ba ta san umarnin da aka bayar ba. Wutar da aka danne hayaƙi take zama, kuma hayaƙi ba ya tsayawa a idon mai girki kaɗai.

A nan dole mu yi magana da kanmu, mu da muka tashi cikin kunya da kawaici. Haƙuri ado ne, babu mai ja. Binciken da ya biyo baya ma ya nuna cewa a tsakanin mutanen da suka tashi cikin al'adun Asiya masu girmama kame kai, illar ɓoye fuska ga zumunci ta fi sauƙi. Kawaicin da mutum ya yi da son ransa, don girmama na gaba ko don ya ga maganar ba ta kai ta kawo ba, ba ya cin mai shi. Wanda yake cin rai shi ne haɗiyar dole: a zalunce ka, ka yi murmushi don tsoro, ka kwana kana juyi, gobe a sake. Haƙurin da magabata suka yaba, wanda suka ce mai shi yakan dafa dutse har ya sha romo, haƙurin wanda yake zaune gaban murhu ne yana kula da wuta, ya san abin da yake jira. Wanda ya ɗora dutse a kan murfi ya juya baya, fashewa kawai yake jira.

Akwai ma'aikatan da murmushi yana cikin abin da ake biyan su dominsa: mai karɓar kuɗi a banki, yaron kanti, mai amsa wayar kamfani, nas, ma'aikaciyar jirgin sama. Arlie Hochschild ta yi nazarin ma'aikatan jirgin kamfanin Delta a littafinta na 1983, ta ga yadda ake horar da su su ɗauki fasinja kamar baƙon da ya zo falonsu. Ta bambance hanya biyu. Akwai mai shafa murmushi a fuska alhali ciki yana tafasa, akwai mai ƙoƙarin sauya abin da take ji tun daga ciki. Ta yi gargaɗi a kan duka biyun, domin kamfani yana iya mallake zuciyar ma'aikaci har ya kasa gane nasa ji. Amma binciken da aka tara bayanta ya nuna murmushin fatar baki shi ne ya fi haɗuwa da gajiyar rai da ƙin aiki.

Yaya ake zare itace a aikace? Abu na farko jinkiri. Magana zarar bunu ce, kuma a wannan zamani bunun ya koma saƙon WhatsApp a zauren ma'aikata, inda mutum arba'in za su karanta kafin ka goge. Rubuta, ka ajiye, ka sake dubawa bayan la'asar. Addininmu ya koyar da mai fushi ya zauna in yana tsaye, ya yi alwala, ya kame bakinsa. Duk hanyoyi ne na ba jiki lokaci ya sauka. Abu na biyu sauya kallo. Mutumin da yake ɗaga wa mai karɓar kuɗi murya a banki, wataƙila tun hantsi yake kan layi, kuɗin maganin mahaifiyarsa ne suka maƙale. In ta tuna haka, zagin ya daina zama nata, sai ta iya cewa, «Baba, yi haƙuri, kawo in duba maka,» kuma haƙurin ya fito daga zuciya. Abu na uku karkata murfi, wato a faɗi abin da ke rai a inda ya dace, a lokacin da ya dace. Akawun nan yana iya bari sai washegari, ya shiga ofis ya gaisa, ya ce, «Yallaɓai, na ga kuskuren, na kuma gyara. Sai dai ina roƙon in an sake samun irinsa a kira ni a keɓe, saboda yaran da nake koya wa aiki.» Bai yi rashin kunya ba, bai kuma haɗiye ba.

Iya wuta ya haɗa da iza ta in ta yi sanyi. Tuwo yana da lokacin da yake son wuta sosai, wajen talge da tuƙi, kafin a rage a bar shi ya sulala. Ma'aikacin da ya ga ana cin haƙƙin marar gata, ko ana sa hannu a takardar ƙarya, bai ji komai ba, wutarsa ta mutu ne. Fushin da ya tashi don gaskiya, in an riƙe shi da hankali, shi ne yake gyara ma'aikata.

Dutse na uku: wutar na kusa da kai

A gidan biki ake ganin wannan. An jera murahu a tsakar gida, manyan tukwane a kai, mata suna ta kai-komo. Babu wadda za ta ce tukunyarta kawai ta sani. Hayaƙin wannan yana shiga idon waccan, tartsatsin waccan yana iya kama zanen wannan. Uwar girki, wadda aka damƙa wa ragamar aikin, idonta yana kan kowace wuta. Tana ratsawa tana cewa, «Rage wa shinkafar nan wuta,» «Ke kuma tashi ki sha iska, idonki ya yi ja.»

Motsin rai yana yaɗuwa. A 2002 Sigal Barsade ta wallafa wani gwaji inda ta haɗa ɗalibai rukuni-rukuni su yanke shawarar rabon kuɗin lada, ta sa ɗan wasan kwaikwayo a cikin kowane rukuni ba tare da sun sani ba. A wani rukunin ya shiga da fara'a, a wani da ɗaure fuska. Halin da ya shiga da shi ya bi sauran. Rukunan da fara'a ta kama sun fi haɗa kai, saɓaninsu ya fi ƙaranci. In mutum ɗaya da ba shi da muƙami zai iya haka, ina ga wanda kowa yake duban fuskarsa da safe? Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ma'aikata gwanaye ne wajen karanta fuskar oga. Tun daga yadda ya rufe ƙofar mota an san ko yau ranar kai masa takarda ce ko ranar ɓuya.

Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta shiga asibitoci a shekarun 1990 tana nazarin kurakuran ba da magani. Ta zaci rukunan ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar nasu ya fi yawa. Da aka bi diddigi, aka gane su ne suke faɗin kuskurensu domin ba sa tsoron a ci musu mutunci, sauran kuwa binnewa suke yi. A 1999 ta fitar da maƙalar da ta yi suna a kan wannan aminci na rai, wato ma'aikaci ya san zai iya tambaya, ya ce bai gane ba, ya ce ya yi kuskure, ba tare da an wulaƙanta shi ba. Kamfanin Google ya fara nasa binciken a 2012 a kan rukunan ma'aikatansa kusan 180, yana neman sirrin waɗanda suka fi aiki. Abin da ya zo kan gaba shi ne wannan amincin.

Dubi yadda abin yake a ɗakin marasa lafiya. Sabuwar nas ta ba da magani ba a kan lokaci ba, ta zo jiki yana rawa ta faɗa wa babbarta. In babbar ta tara mata jama'a ta zazzage ta, ta koya wa duk masu sauraro darasi ɗaya: gobe in ka yi kuskure ka yi gum. In kuwa ta ce, «Sista, kin kyauta da kika faɗa. Mu fara duba marar lafiyan, sannan mu zauna mu ga yadda aka yi,» ta ceci marar lafiya, ta ceci yarinyar, ta kuma buɗe bakin sauran. Gyara yana nan, ladabtarwa ma in ta kama tana nan, mutunci ne kawai ba a taɓa ba.

Lura da wutar wani bai tsaya ga shugaba ba. Abokin aikin da ya saba raha ya yi kwana uku ba ya magana, wanda ya saba zuwa da wuri ya fara makara. «Malam, lafiya kuwa? Na ga kwana biyu ba ka da walwala.» Wannan tambaya ba ta cin ko sisi, amma takan zama farkon sauƙi ga wanda ya rasa wanda zai faɗa wa.

In ruwa ya ƙone

Tukunyar da aka bari a kan wuta, ba ƙarin ruwa ba saukewa, ruwanta zai tsotse, abin ciki ya kama, ƙasanta ya yi baƙi, ƙarshe ita kanta ta huje. A 1974 Herbert Freudenberger ya bayyana irin wannan hali a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin Niyok: mutanen da suka fara da zafin son taimako, suka ƙare a gajiye, ba sa son ganin waɗanda suka zo taimaka wa. Christina Maslach ta ci gaba da binciken, ta fitar da ma'auninsa a 1981. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙonewar rai a kundinta a matsayin abin da aiki yake haifarwa, sakamakon matsin da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta ba shi alamu uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa jin haushinsa, da raguwar ƙwarewa.

Abin tausayi, masu wuta sosai ne suka fi ƙonewa: malamin da ya ɗauki aji kamar 'ya'yansa, likitan da ba ya iya cewa a'a. Amfanin basirar zuciya a nan shi ne hancin da ke jin ƙauri da wuri. In ka ga kana tashi da safe a gajiye kamar ba ka kwanta ba, in ɗaliban da kake so sun fara zame maka kaya, in ka fara amsa wa marar lafiya ba tare da ka dubi fuskarsa ba, to ƙasan tukunya ya fara kamawa. Lokacin ƙara ruwa ne: hutu, barci, zama da iyali, ibada cikin natsuwa, faɗa wa amini, in ta kama a ga likita. Hukumar ta ƙiyasta cewa duk shekara duniya tana asarar kwanakin aiki biliyan 12 saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ya kai kusan dala tiriliyan 1. Bayan kowane ɗaya daga cikin kwanakin nan akwai mutum kwance a ɗaki, da iyalin da suke taka-tsantsan kada su ta da shi.

Ɗanyen itace

Akwai iyakar da gwanintar mai girki take tsayawa. A ba ta ɗanyen itace, madafin da ba taga, tukunya mai yoyo, a ce ta ciyar da mutum ɗari da garin mutum ashirin, sannan in abinci bai yi ba a ce ba ta iya wuta ba, wannan zalunci ne. Kuma ana yi wa ma'aikata irinsa. A riƙe albashinsu wata da watanni, a ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku, sannan a tara su a ɗakin taro a koya musu yadda ake numfashi da haƙuri.

Alƙaluma sun yi magana a kan wannan. Binciken Whitehall na biyu, wanda Michael Marmot ya fara a 1985 a kan ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 a Landan, ya gano cewa waɗanda ba su da ta-cewa a kan yadda suke aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. A 2024 William Fleming na jami'ar Oxford ya duba bayanan ma'aikata fiye da 46,000 a Birtaniya, ya tarar waɗanda suka shiga shirye-shiryen koyar da juriya da rage damuwa ba su fi waɗanda ba su shiga ba walwala. Darasin a fili yake. Horar da zuciyar ma'aikaci ba ya maye gurbin gyara aikin kansa. Kuma shugaban da ya iya karanta zukata don ya san inda zai matsa ya ƙara tatsar mutane, ya ɗauki ilimin wuta ya yi gobara da shi.

Saboda haka maganar tana da ɓangare biyu, kuma ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Ma'aikaci yana da nasa: ya san abin da yake ji, ya jinkirta harshensa, ya faɗi damuwarsa da ladabi, ya duba na kusa da shi, ya kuma gane ranar da wurin ya fi ƙarfin haƙuri, ya haɗa kai da 'yan'uwansa su nemi gyara ko ya nemi wata ƙofar. Wannan ma basira ce, domin zuciyar da take ta ƙorafi wata da watanni labari take ba ka.

Mai riƙe da ragama kuwa nasa ya fi nauyi, ko shugaban ma'aikata ne, ko hedimasta, ko maigidan shago mai yara uku. Ya biya haƙƙi a kan lokaci. Ya auna aiki daidai ƙarfin mutane. Ya ba su ta-cewa a kan abin da suka fi shi sani. Ya yi gyara a keɓe, yabo a fili. Ya bar mai hutu ya huta. In ya gama duba littafin riba da rahoton ƙarshen shekara, ya tambayi kansa a wane hali mutanen da ke ƙarƙashinsa suke komawa gida. Albashin da yake biya ya sayi lokacinsu da ƙwarewarsu, bai sayi lafiyarsu ba. Ita amana ce a hannunsa, kuma za a tambaye shi.